Gidan Tarihi Ma Makaranta Ce: Ina Rabon Ƴaƴanmu?

  

Duk wanda ya taɓa yin sallah a Yamai ya san inda yaran birni suke kwarara bayan an sauko daga idi. Da sababbin tufafi, da ƴan kuɗin barka da sallah a aljihu, ƙanana riƙe da hannun yayyensu, sai ka ga sun yi cincirindo a ƙofar babban gidan tarihi na ƙasa, wanda mutanen gari suka fi sani da Muze. Da zarar an shiga, sai kowa ya ruga wajen zaki da dorina da kura da birai. A sha lemo, a ɗauki hoto, a yi ta kai da kawowa har la'asar sakaliya, sannan a koma gida da ƙura a ƙafa da labarin yadda dorina ta wage baki. Su kuwa ɗakunan da aka yi wa ado da zanen gine irin na Hausa, inda aka ajiye kayan kakanni, yaro kan leƙa ta ƙofa ya wuce, domin babu wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ke ciki nasa ne.

Ba mu ga laifin yaran ba, kuma ba mu ga laifin nishaɗin ranar sallah ba. Abin da ya dame mu shi ne a ce yaro ya tashi a Yamai, ya shiga wannan gida sau goma, amma ya fita bai ƙaru da kome ba sai sanin kejin zaki. Wanda ya fi wannan ciwo kuma shi ne, ɗaliban makarantunmu na allo da na Islamiyya da madarasa su ne suka fi kowa nisa da wurin, alhali wani sashe mai yawa na abin da ake adanawa a ƙasar nan gadon malamansu ne.

Asalin gidan da manufar masu kafa shi

An buɗe gidan tarihi na Yamai a 1959, shekara guda kafin ƙasar Nijar ta sami ƴancin kanta. Mutum biyu ake ambata idan ana zancen kafuwarsa: Bubu Hama, wanda daga baya aka sa wa gidan sunansa, da wani Bature mai suna Pablo Toucet, wanda ya zama shugabansa na farko. Ya kamata mu tuna cewa Bubu Hama, kafin ya zama marubuci kuma shugaban Majalisar Dokoki, malamin makaranta ne. An haife shi a Foneko ta ƙasar Tera a 1906, ya yi karatun malanta a makarantar William Ponty ta Senegal, ya koyar da yara a aji, ya rasu a 1982. Mutumin da ya san alli da allo ne ya tsaya aka gina wannan gida, don haka ba mamaki da aka tsara shi a matsayin wurin koyo tun daga tushe.

Filin gidan ya kai kimanin eka 24 ta ma'aunin Faransa, a tsakiyar birni, ba nisa da kogin Isa. Ba a yi shi gini guda mai dogayen zauruka irin na Turai ba. An warwatsa ƙananan ɗakuna cikin lambu, kowane da abin da ya ƙunsa: ɗakin tufafin gargajiya, ɗakin kayan kiɗa, ɗakin zanen duwatsu, ɗakin kayan da aka tono daga ƙasa, ɗakin ƙasusuwan dabbobin dauri, da ɗakin ma'adinin uraniyom. A gefe an kafa gidaje irin na al'ummomin ƙasar, daga ginin ƙasa na Bahaushe da bukkar Bazabarme har tantin Buzu, domin ɗan gabas ya ga yadda ɗan yamma yake kwana, ɗan kogi ya ga mazaunin ɗan hamada. A wani gefen kuma masu sana'a ne zaune suna aiki a gaban jama'a: maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa, masassaƙa, har da naƙasassu waɗanda suka mai da hannuwansu jarinsu. Akwai kuma cibiyar koyarwa da aka buɗe domin yaran da karatun boko bai yi musu ba, inda ake koya musu sana'o'in hannu don kada su faɗa yawon titi.

Darussan da ke jiran mai tambaya

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Bari mu ɗauki misalai kaɗan domin iyaye su ga irin darussan da ke kwance a wurin.

Akwai wani busasshen icce da aka gina wa rumfa ta musamman. Shi ne iccen Tenere, wanda ya yi shekaru yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar rairayi, babu wani icce kusa da shi, ayarin raƙuma masu zuwa ɗaukar gishiri a Bilma suna yin alama da shi. Da aka haƙa rijiya kusa da shi sai aka tarar saiwoyinsa sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. Matafiya sun yi zamani suna wucewa babu wanda ya sare shi don hura wutar shayi, sai a 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi, aka kwaso gangar jikinsa zuwa Yamai. A gaban wannan icce kaɗai malami zai iya koyar da labarin ƙasa, da fataucin gishiri, da yadda tsiro yake rayuwa a fari, da kuma amanar da Allah ya ɗora mana game da itatuwa.

Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin nan da Turawa ke kira dinozor. A Gadufawa, cikin jihar Agadas, wani masani Bafaranshe mai suna Philippe Taquet ya tono ƙasusuwan wata dabba a tsakiyar shekarun 1960, wadda aka raɗa wa suna Ouranosaurus nigeriensis, tsawonta ya kai mita 7. A can ne kuma aka sami ƙasusuwan wani ƙaton kada wanda kansa kaɗai ya fi tsawon yaron firamare. A 1999 wani masani ɗan Amurka, Paul Sereno, ya bayyana wata dabbar da ya sa wa suna Nigersaurus, mai haƙora kimanin 500. Masana sun ƙiyasta cewa waɗannan halittu sun rayu fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin da yake rairayi a yau yake cike da koguna da dazuzzuka. Yaran ƙasashe masu nisa suna haddace waɗannan sunaye masu ɗauke da sunan ƙasarmu, namu kuwa da yawansu ba su taɓa jin su ba.

Ita kanta dorinar da yara ke rububin gani tana iya zama mabuɗin darasi. A Gobero, cikin Tenere, an gano wata tsohuwar maƙabarta a shekara ta 2000, ta mutanen da suka zauna a bakin tafki shekaru dubbai da suka shige, kuma a wurin an sami ƙasusuwan dorina da na manyan kifaye. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5. In malami ya tsai da ɗalibansa a gaban dorina ya ce musu: irin wannan dabba ta taɓa yin iyo a inda raƙumi yake shan ƙishirwa a yau, to ya buɗe musu ƙofar tunani a kan juyawar zamani, da gurgusowar hamada, da ikon Wanda yake juya al'amura yadda ya so.

A rumfar masu sana'a kuwa, yaron da bai taɓa ganin zuga-zugi da uwar maƙera ba zai gan su suna aiki. Yarinyar da ta san atamfa kawai za ta ga yadda ƙoshiya ke kai da kawowa har zare ya zama ƙyalle. Wani cikin yaran nan, wanda lissafi ya gagare shi a aji, a nan ne zai fara gane cewa Allah ya ajiye masa basirarsa a hannu.

Abin da ke salwanta muna kallo

Mai karatu zai iya cewa: duk wannan ƙarin ilimi ne, in an samu madalla, in ba a samu ba babu asara. To akwai asara, kuma mun riga mun fara ɗanɗana ta.

A 1975 aka gano wani tsohon wuri a Bura, cikin ƙasar Tera, inda mutanen da suka rayu ɗaruruwan shekaru kafin mu suka bar tukwane da siffofi na yumɓu. Masanin ƙasarmu Bube Gado ya yi aikin tono a wurin a 1983. Da aka nuna kayan Bura a wani babban baje koli da aka fara a birnin Paris a 1993, sai dillalan kayan tarihi suka buɗe ido. Aka shiga bin ƙauyuka ana ba talakawa ƴan kuɗi kaɗan suna haƙa da dare, ana farfasa abin da ba a so, ana fita da sauran. Ɓarnar ta kai har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Bura cikin jan jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekara ta 2000. Ƙasar Nijar ta yi dokar kare kayan gado a 1997, amma doka ba ta iya tsayawa gadi a bakin kowane rami. Masana sun ce abin da aka tono ba bisa ƙa'ida ba, ko da an dawo da shi, labarinsa ya riga ya mutu, domin zurfin da aka same shi da abin da ke kusa da shi su ne suke faɗin shekarunsa da ma'anarsa.

Na baya-bayan nan shi ne dutsen nan da ya faɗo daga sama, wanda aka tsinta a jihar Agadas a 2023, mai nauyin kusan kilo 25, wanda masana suka tabbatar daga duniyar Mirrihi ya fito, kuma babu irinsa mai girmansa da aka taɓa samu a doron ƙasa. A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan fiye da dalar Amurka miliyan 5, har hukumomin Nijar suka buɗe bincike a kan yadda ya fita. Da yana Yamai, yara nawa ne za su tsaya a gabansa su fara sha'awar ilimin taurari?

Mu Musulmi kuma muna da namu gadon na musamman. A Cibiyar Binciken Ilimin Ɗan Adam ta Jami'ar Yamai akwai sashen rubutattun littattafan Larabci da ajami, mai ɗauke da kimanin littafi 4,000, wanda asalinsa abin da Bubu Hama ya tattara ne. Amma waɗanda suka rage a gidaje, cikin gafaka da tsofaffin adudu, Allah kaɗai ya san adadinsu. Gara tana ci, ruwan damina yana jiƙawa, magada kuma suna rabawa ganye-ganye ko su sayar wa mai wucewa. A Tumbutu, a farkon 2013, an ƙone ko an sace kimanin littafi 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, amma dubban ɗaruruwa sun tsira saboda iyalan da suka san darajarsu sun ɓoye su cikin akwatuna, suka kai su Bamako ta mota da ta jirgin ruwa. Sanin daraja ne ya cece su. Yaron da aka nuna wa rubutun kakansa tun yana ƙarami, aka karanta masa, aka ce masa wannan amana ce, da wuya ya girma ya sayar da shi a kan jika biyar.

Tambayar da wasu iyaye ke yi

Mun san abin da ke hana wasu iyaye da alarammomi sakin jiki. Sukan ce: ba gidan gumaka ba ne? Me ya haɗa ɗan Musulmi da kayan jahiliyya? Tambaya ce ta mai kishin addini, kuma ta cancanci amsa cikin natsuwa.

Da farko, mafi yawan abin da ke cikin gidan babu siffa a cikinsa: tufafi ne, da kayan noma, da kayan ƙira, da duwatsu, da ƙasusuwa, da sirdi da linzami. Malamin da ba ya son kai ɗalibansa ɗakin siffofi yana da sauran ɗakuna da za su ishe shi ziyara uku. Game da siffofin kuwa, maganar hukuncin yin su da ajiye su a gida magana ce ta malaman fiƙihu, kuma ba mu zo yanke ta a nan ba. Amma kowa ya san bambancin wanda ya durƙusa wa abu da wanda ya tsaya ya dube shi don ya ɗauki darasi.

Na biyu, Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen al'ummomin da suka gabata. A Suratul Ankabut an yi umarni da a duba yadda aka fara halitta. A Suratu Yunus an ambaci tsirar da gawar Fir'auna don ta zama aya ga na baya. Ya kuma tabbata cewa a kan hanyar Tabuka, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya biyo ta Hijir, kufan Samudawa, ya gargaɗi sahabbansa da kada su shiga wurin da halin wasa, sai da tsoron Allah da jimami. Darasin da muka ɗauka shi ne, kufai da kayan mutanen da ba abin shashanci ba ne, abin lura ne, kuma aikin babba ne ya koya wa yaro irin idon da zai duba da shi.

Na uku, magabatanmu ba su ƙyamaci wannan ilimi ba. Ibn Batuta, wanda alƙali ne masanin fiƙihu, ya zo Takadda ta ƙasar Abzin a 1353, ya rubuta yadda ake narka jan ƙarfe ana ciniki da shi, kuma har yau masana tarihin ƙasarmu suna amfana da abin da ya gani. A yau ma manyan biranen Musulmi kamar Alƙahira da Istambul da Doha suna da gidajen adana kayan tarihin Musulunci, inda ɗalibai suke ganin tsofaffin mus'hafai da kayan auna taurari da malaman da suka ƙera. Game da shekarun dinozor kuwa, Alƙur'ani bai ƙayyade mana adadin shekarun duniya ba. Gara yaro ya ji wannan zance a gaban malaminsa mai tsoron Allah, ya yi tambaya a ba shi amsa, da ya tsince shi shi kaɗai a wayar salula daga bakin wanda zai ce masa ilimi da imani ba sa zama a zuciya ɗaya.

Yadda ake ƙulla zumunci tsakanin makaranta da gidan tarihi

Matsalar nisan makaranta da gidan tarihi ba ta Nijar kaɗai ba ce. Makarantar Gadon Afirka da ke Porto-Novo ta ƙasar Benin, wadda aka kafa a 1998, ta gudanar da wani shiri a ƙarshen shekarun 2000 wanda babbar manufarsa ita ce haɗa gidajen tarihi da makarantu a ƙasashen Afirka, ta hanyar horar da ma'aikatan gidajen tare da malamai, da daidaita ziyara da abin da ake koyarwa a aji. Abin da irin waɗannan shirye-shirye suka nuna shi ne, kwashe yara ɗari a mota a zube su a ƙofa ba ya haifar da ilimi. Ziyara mai amfani tana da kafin, tana da lokacin, tana da bayan.

Kafin ziyara, malami ya fara zuwa shi kaɗai, ya gana da ma'aikatan gidan, ya gaya musu shekarun ɗalibansa da harshen da suka fi ji, Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci. Ya zaɓi batu guda tak: ruwa da hamada, ko tufafi, ko ƙira, ko rubutu. Ya koma aji ya share fage, ya sa kowane yaro ya rubuta tambaya biyu da yake son amsarsu, da boko ko da ajami. A sanar da iyaye a rubuce, a nemi izininsu, a gayyaci uwa biyu ko uku da uba ɗaya ko biyu su raka.

Ranar ziyara, a kasa yaran kashi-kashi, kada kashi ya wuce goma sha biyar ga babba guda. Ɗaki biyu ko uku sun isa, domin idon yaro yana ƙoshi kamar cikinsa. A bar su su zauna a gaban abu guda su zana shi, su auna shi da ido, su faɗi da me aka yi shi, wa ya yi amfani da shi, me ya maye gurbinsa a yau. A koya musu ladabin wuri: ba a taɓa kaya, ba a ihu, ba a jifar dabba, ana gai da mai sana'a kafin a yi masa tambaya. A tanadi ruwan sha, a kiyaye lokacin salla. Zaki da dorina kuwa a bar su sai ƙarshe, su zama tukuici.

Bayan an dawo ne ake girbi. A ɗauki igiya a auna mita 7 a filin makaranta, yara su jeru su ga su nawa ne za su cika tsawon dabbar Gadufawa. Darasin lissafi ke nan. A sa su rubuta wa ma'aikatan gidan wasiƙar godiya. Darasin insha'i ke nan. Almajiran allo su haɗa tawada da gawayi da ƙaro, su fere alƙalami, su kwaikwayi zayyanar da suka gani. Kowane yaro kuma ya koma gida da aiki guda: ya tambayi kakarsa sunan wani tsohon abu da ke ɗakinta da labarinsa.

Domin abin ya ɗore, kada ya tsaya a kan ƙwazon malami guda wanda gobe za a iya canza masa wurin aiki. Shugaban makaranta da ƙungiyar iyayen ɗalibai su rubuta wa hukumar gidan takarda, a yi yarjejeniya a kan ziyara nawa a shekara, da rangwamen kuɗin shiga ga ɗalibai, da wanda zai yi musu jagora. Makarantun allo suna hutu Alhamis da Juma'a, don haka safiyar Alhamis ta dace da su. Ranar 18 ga Mayu kuma, wadda duniya ta keɓe wa gidajen tarihi tun 1977, tana iya zama ranar da ɗalibai za su nuna wa iyaye abin da suka koyo. Kada kuma a manta da ƴan mata, domin sau da yawa in kujerun mota suka yi kaɗan su ake bari a gida, alhali su ne gobe za su riƙe ɗakunan da kayan gado ke ciki.

Waɗanda ke nesa da Yamai fa?

Yawancin masu karatunmu ba a babban birni suke ba, kuma kuɗin mota daga Difa ko Tawa zuwa Yamai ba wasa ba ne. To ai tarihi bai taru a wuri guda ba. Damagaram da Doso suna da gidajen tarihi na jiha. Damagaram tana da fadar Sarki da tsohuwar unguwar Birni. Agadas tana da masallacinta mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, wanda asalinsa ya koma ƙarni na 16, kuma tun 2013 tsohon garin yana cikin jerin wuraren gadon duniya na UNESCO. Sayi tana da tarihin Alfa Mahaman Jobbo da na madarasar da aka buɗe a 1957. Ƴan'uwanmu na kan iyaka kuma, in hali ya yi, Gidan Makama na Kano ba baƙon wuri ba ne gare su.

Inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, makaranta tana iya buɗe kusurwar tarihi a cikin aji. Kowane gida ya ba da aron abu guda: akushi, mazari, faifai, tandu, burgami, salka, kuɗin wuri, tsohon allo mai zayyana. A rubuta a littafi sunan abin, da gidan da ya fito, da amfaninsa, da wanda ya ba da labarinsa, a nuna wa jama'a na mako guda, sannan a mayar wa kowa kayansa lafiya. A gayyaci maƙerin gari da tsohuwa mai kaɗi su zo su yi bayani da bakinsu, a girmama su kamar yadda ake girmama kowane malami. Sharaɗi ɗaya muke jaddadawa: kada a sa yara haƙa ko kwasar abu daga kufai. In an ga wani abu ya fito bayan ruwan sama, a bar shi a inda yake a sanar da hukuma. Tsofaffin littattafai kuwa kada a ɗauke su daga gidan masu su. A je can, da izini, mai gida ya buɗe da hannunsa.

Kira ga rassanmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga kowane reshe na ƙungiyarmu da ya sa wannan magana cikin ajandar taronsa na gaba, ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su tuntuɓi gidan tarihi ko fada ko gidan malamai mafi kusa da su, su tsara ziyara guda kafin hutun damina. Masu hali su ɗauki nauyin mota, domin sadakar da ta buɗe wa yaro ido ga ayoyin Allah ba ƙaramar sadaka ba ce. Malaman boko da na allo su zauna tare su tsara tambayoyin, wannan ya kawo shekaru da ma'auni, wancan ya kawo aya da wa'azi. Su kuma ma'aikatan gidajen tarihi muna roƙonsu da su tanadi bayani cikin harsunan ƙasa, su kuma tarbi almajiri mai allo da fuskar da suke tarbar ɗan lakwal mai jaka.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da za mu kai bana, cikinsu ne za a sami masu gadin kan iyaka, da limamai, da hakimai, da magadan gafakar kakanni. Ranar da dillali zai zo musu da kuɗi a hannu, abin da muka nuna musu yau ne zai ba shi amsa.

Allah ya raya mana zuriyarmu bisa imani da ilimi mai amfani, ya sa mu zama masu lura da ayoyinsa, ya ba ƙasashenmu lafiya da zama lafiya.